Wa ya taɓa zuwa Fiji a cikinku? Ina son kai uwargida yawon tsibirai amma ban iya ruwa ba

Ɗan Unguwar Rimi:

Salam jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema daga wanda ya taɓa taka ƙafarsa can, ba wanda ya gani a TikTok irina ba. An jima ana yawo da wani jerin ƙasashen da fasfo ɗin Najeriya ke shiga ba biza kuma kullum sai na ga Fiji a ciki, daga nan na fara bibiya har abin ya shiga raina sosai. Abin da ya fi burge ni yadda suke tsara yawon ne, wai ba otal ɗaya za ka zauna ba, jirgin ruwa ne zai riƙa sauke ku tsibiri-tsibiri, ku kwana biyu a nan ku ƙara gaba, a ba ka tabarau da bututun numfashi ka kifa fuska a ruwa kana kallon kifaye da murjani, wata rana a hau jirgin nan mai ƙyalle da iska ke turawa, sannan a kai ku ƙauye ku gaisa da mai gari. Na daɗe da yi wa uwargida alkawarin zan kai ta wani waje da ba Saudiyya ba kuma ba Dubai ba, ga shi adashinmu na ofis ni ne da ɗauka ƙarshen shekara.

To ga inda gizo ke saƙar. Ni ban iya ruwa ba ko kaɗan, mu da muka taso ana tsorata mu da kogin Kaduna, ita ma haka, kuma mai hijabi ce ba za ta taɓa yarda da irin shigar da nake gani a hotunan nan ba. Sai maganar abinci da sallah. Sannan ita kanta maganar ba biza ɗin gaskiya ce ko irin ta intanet ce? Ta ina ma ake bi daga nan?

Injiniyan Malali:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na je lokacin ina karatu a Ostareliya, daga can kusan awa 4 ne a jirgi shi ya sa ya zo min da sauƙi, kai da za ka taso daga Kaduna lissafinka daban ne, bari in fara da wannan don kar ka ji daɗin labarin ruwa ka manta da hanya.

Maganar biza gaskiya ce, Najeriya na cikin ƙasashen da Fiji ta yafe wa, a filin jirgin Nadi ake buga maka izinin ziyara kuma yana iya kaiwa wata 4. Amma sai ka nuna tikitin komawa da shaidar inda za ka sauka da kuɗin da za ka riƙe kanka, ga katin allurar shawara, ruwan ɗorawar nan, tunda daga ƙasar da ake da cutar ka fito. Kuma ranar da za ka biya kuɗin tikiti ka sake duba shafin hukumar shige da ficensu da kanka, irin wannan doka ba ta sallama idan za ta canza. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne babu jirgi kai tsaye, dole ka ratsa ƙasar wasu. Hanyoyin da suka fi yawa ta Sidni ko Birisben ko Oklan ta Niyu Zilan suke bi, su kuma waɗannan ko fita daga filin jirgi ba za ka yi ba sai ka nemi bizar wucewa da fasfonmu, in ba ka da ita tun daga Abuja ba za a bar ka ka hau ba. Shi ya sa mutanenmu suka fi duba ta Singafo, ka tashi Abuja zuwa Doha ko Addis, daga nan Singafo, sai Fiji Airways ya ɗauke ka kusan awa 10 zuwa Nadi. Ka tabbata tikiti ɗaya ne a haɗe har ƙarshe yadda kayanka za su wuce da kansu, don in sai ka fita ka ɗauko jaka ka sake shiga to ka shiga Singafo kenan, ita ma biza take nema. Da jiran da za ka yi a tsakani ka ƙaddara kwana biyu a hanya zuwa, kwana biyu dawowa. Sun riga mu da awa 11, idan ana kiran la'asar a Sultan Bello su tsakar dare ya wuce, ranakun farko da rana barci zai riƙa fizgarka.

Ka ce ƙarshen shekara za ka ɗauki adashi, to ka ɗauka amma kar ka tafi a lokacin. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce a wajensu kuma lokacin guguwar teku, wadda ake kira Winston a Fabrairun 2016 ta kashe mutum 44 ta share ƙauyuka. Ba kowace shekara ake samun irinta ba amma ko ƙarama ce sai a dakatar da jiragen ruwa ka maƙale a tsibiri jirgin sama ya tafi ya bar ka. Mayu zuwa Oktoba shi ne lokacin, ruwa garau, zafi da sauƙi, sai dai kuɗin masauki ya fi tsada musamman Yuli da Agusta.

Tsibiransu sun haura 330, wajen 110 ne kawai ke da mutane, kar ka ce za ka zaga ƙasar. Abin da ka gani a bidiyo kusan duk jerin tsibiran Mamanuca ne da na Yasawa, a yammacin babban tsibirin Viti Levu. Akwai wani babban jirgin ruwa Yasawa Flyer da ke tashi daga tashar Denarau kusa da Nadi kowace safiya, ya bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya har can arewa wajen Nacula cikin kamar awa 5 sannan ya juyo. A yawancin wurare ba gaɓa yake zuwa ba, tsakiyar ruwa yake tsayawa ƙananan jirage masu inji su zo su kwashi baƙinsu, ka gaya wa madam tun yanzu za a yi ɗan tsallake daga babba zuwa ƙarami kuma sauka a cikin ruwa iya gwiwa ake yi. Tsibiri 3 sun ishe ku, in kuka yawaita duk hutun a ɗaure jaka da kwance jaka zai ƙare.

Na Kasuwar Gumi:

Kai jama'a, Allah ya ba mu abin yi. Malam ka lissafa kuɗin jirgin mutum biyu da dala a canjin yau kuwa? Wallahi miliyoyin da za ka zuba a tikiti kaɗai sun isa ku yi umara ku biyu har da tsaraba. Kuma duk wannan wahalar don a kalli kifi. In dai ruwa mai shuɗi da farin yashi ake nema ga Maldibs nan, ƙasar Musulmi ce, a filin jirgi suke ba da biza, daga Doha bai fi awa 5 ba, ba ruwanka da tambayar wannan naman na mene ne. Ni dai shawarata kafin ka kashe ko sisi ka kai Hajiya Legas ku hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay ku ga yadda cikinku zai yi, akwai wanda tun kafin a bar gaɓa ya fara kiran sunan mamarsa.

Hajiyar Barnawa:

Na Kasuwar Gumi kowa da abin da yake so ai, shi bai ce a taya shi lissafin aljihunsa ba. Amma maganar gwajin Legas ɗin kam na yarda da ita.

Ƙanina, aiki ne ya kai ni Suva babban birninsu, taro aka yi, da aka gama muka ƙara kwanaki da wasu abokan aiki muka shiga Yasawa. Ka kwantar wa matarka da hankali kan sutura. Waɗanda kake gani tsirara-tsirara a hoto baƙi ne Turawa a harabar otal, 'yan ƙasar ba haka suke ba sam. Matan ƙauye doguwar riga suke sawa har ƙasa, maza ma zani suke ɗaurawa da suke kira sulu, har 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati, kuma da kayansu suke shiga ruwa. Ni da dogon wando mai kama jiki da riga mai dogon hannu da hular ninƙaya mai rufe wuya na shiga, na ɗora rigar ceto a kai, ba wanda ya ko kalle ni, wasu ma tambayata suke ina na saya saboda rana na ƙona su. Abin da ba zan ba ta shawara ba shi ne shiga da zumbulelen hijabi ko abaya, in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa kuma igiyar ruwa na jansa. Ta saya tun daga nan ko ta yi oda, a tsibiri ba shago.

Zuwa ƙauyen shi ne abin da har yau nake tunawa, kuma a nan ne na ga Bahaushe ya fi Bature sanin kan abin nesa ba kusa ba. Ba a faɗa wa ƙauyensu haka kawai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asalin wurin ce, ba a sayar da ita sai dai haya, har otal ɗin da za ku kwana galibi a filin wani ƙauye yake kuma yaran ƙauyen ne ma'aikata, ruwan da ke gaban ƙauyen ma suna da haƙƙin kamun kifi a cikinsa. To baƙo sai ya fara kai gaisuwa, suna ce mata sevusevu, ɗaurin saiwar wani tsiro ne kava ake kai wa sarkin garin ta hannun wakilinsa, kamar dai yadda za ka riƙe ƙwaryar goro ka je gaida dagaci kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. A kasuwar Nadi ko Lautoka ake sayen saiwar, in kuma otal ne ya shirya ziyarar jagoran ne zai riƙe. Za a cire takalmi a ƙofa, a zauna a tabarma a tanƙwashe ƙafa, ba a tsayawa a kan mutane suna zaune, ba a ɗaga murya, kafaɗa da gwiwa a rufe. Duk wannan mu ba sai an koya mana ba, Turawan da muke tare da su ne jagora ya yi ta fama da su.

Abu biyu ne za su zo maka sabo. Na farko hula, a ƙauyensu sa hula raini ne ga sarki, to kai da ka saba ba ka zuwa gaban manya kai ba hula, a can cire zanna bukar ɗinka za ka yi ka riƙe a hannu, tabarau ma a cire. Ni na yi wa jagoranmu bayani tun a jirgi cewa ɗankwalina na addini ne, ya shiga ya faɗa, aka ce ba komai, sun san Musulmi ai. Na biyu kar ka shafa kan yaro, mu a nan so ne, su kai abu ne mai alfarma ba a taɓawa. Kuma kar ku sa ziyarar ranar Lahadi, Kiristoci ne sosai yawanci 'yan Methodist, ranar coci ce da hutu.

Abinci kuwa a Nadi da Lautoka da Suva ba ka da matsala. Turawan Ingila sun kwaso ma'aikata daga Indiya sama da 60,000 tsakanin 1879 da 1916 don noman rake, jikokinsu na nan, a cikinsu akwai Musulmi, wajen kashi 6 cikin 100 na mutanen ƙasar, da masallatansu da makarantunsu da ƙungiyarsu Fiji Muslim League tun 1926. Za ka samu gidan abinci na halal, shinkafa da miyar kori da roti. A tsibirai ne sai ka buɗe baki ka yi magana, don yawancin masaukan dole ka biya kuɗin abinci sau 3 a haɗe da ɗaki kuma abin da aka dafa shi kowa zai ci. Ka rubuta musu tun wajen bukin cewa kifi da kayan lambu kawai. Akwai girkin da suke yi a rami, lovo, a zafafa duwatsu a jera abinci a rufe da ganyen ayaba da ƙasa, daɗi kamar me, amma sau da yawa da alade a ramin tare da kaza da kifi, ka tambaya kafin ka sa hannu. Rogo da gwaza da kwakwa kam sai kun gaji. Akwai kuma ɗanyen kifi da suke jiƙawa a ruwan lemun tsami da madarar kwakwa, kokoda, ni dai cokali ɗaya na iya.

Kar ka ce za ka yi guzurin kilishi ko dambun nama, a filin jirgi suna da tsanani kan nama da tsirrai da zuma, duk abin ci da ke jakarka ka rubuta a fom, in ka ɓoye aka gani tara ce.

Almajirin Tudun Wada:

Hajiya Allah ya saka da alheri, amma kin wuce wani waje da sauri. Shi wannan kava ɗin ba kai wa kawai ake yi ba, na ji ana dama shi a ba baƙo ya sha, kuma an ce yana sa maye. In haka ne ya halatta mutum ya saya ya kai ma, balle ya sha? Kar a je yawon buɗe ido a dawo da abin da ba a tafi da shi ba.

Injiniyan Malali:

Malam tambayarka a kan hanya take. Abin da na gani da idona, ba giya ba ce, ba a tsima shi, saiwar ake dakawa a zuba a ƙyalle a tace da ruwa a wata babbar akushi, ya fito kalar ruwan laka, a miƙo maka a ɓawon kwakwa, ka tafa sau ɗaya ka karɓa ka shanye a tafa sau 3. Yana kashe harshe da leɓe na ɗan lokaci, wanda ya yi ta sha kuma jikinsa ya mutu barci ya ɗauke shi, su da kansu suna kukan yadda wasu mazansu ke kwana a kansa su kasa fita aiki. Hukuncin kuma ba ni zan yanke ba, ya kai wa malaminsa wannan bayanin yadda yake ya ji. Ni ban sha ba kuma ba wanda ya ɓata rai, na gaya wa jagora tun kafin mu zauna, da aka zo kaina na ce vinaka wato na gode, aka wuce. Ba a dole.

Tunda ka taɓo addini, Ɗan Unguwar Rimi ka riƙe wannan, alƙibla a Fiji yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Ka bi inda rana ke faɗuwa. Jikinka zai yi ta gaya maka ba daidai ba ne saboda sabo, ka sauke manhajar alƙibla da lokutan sallah wadda ke aiki ba data don sabis a tsibiran yana zuwa yana ɗaukewa. Juma'a sai a babban tsibiri, in kana so ka samu ka tsara dawowarka Nadi ranar Alhamis.

Jikan Soja Kawo:

Ni ban je ba amma kakana ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Lebanon lokacin da sojojin Najeriya ke can daga 1978, tare da sojojin Fiji suka yi, har ya rasu yana labarin girman jikinsu da yadda suke waƙar coci da daddare. Su ne fa suka ci zinare a wasan rugbi na 'yan bakwai a Olamfik ta 2016 suka sake ci a Tokyo, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 1 ba. In ka je ka ce musu daga Najeriya kake ka gani ko tsofaffinsu za su tuna.

Ɗan Unguwar Rimi:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya na tura wa madam amsarki ta karanta, yanzu ita ke tambayar yaushe za a tafi. Alhaji na Kasuwar Gumi na ji maganarka kuma ban raina ba, umara na nan a lissafi in sha Allah, amma ni zuwa ƙauyen nan ne ya fi ja na ba yashin ba. Injiniya saura babbar tambayar, wanda bai iya ruwa ba zai iya wannan kallon kifin ko dai in zauna a jirgi in riƙe wa mutane waya?

Injiniyan Malali:

Za ka iya amma ba a ranar za ka fara koya ba. Shi wannan ba nutso ba ne, a saman ruwa kake kwance rub da ciki, rigar ceto na riƙe da kai, ruwan gishiri ma ya fi na kogi ɗaga mutum. Abin da ke kayar da mutanenmu tsoro ne, ruwa ya ɗan shiga bututun ko tabarau ya yi hazo sai mutum ya firgice ya fara kokawa ya sha ruwa. Kana da wata da watanni a gaba, ku nemi wurin ninƙaya na otal a nan Kaduna da mai koyarwa, madam ta nemi lokacin mata, ku sayi tabarau da bututun naku ku saba da numfashi ta baki fuska a cikin ruwa, ku koyi yadda ake furzar da ruwan da ya shiga da ƙarfi ɗaya da yadda ake juyawa rigingine a huta. In kana da gashin baki mai yawa ka rage, ta nan ruwa ke zurarowa cikin tabarau.

A can kuma ku fara daga bakin gaɓa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, da safe kafin iska ta taso, kuma ku gaya wa jagora gaskiya cewa ku sababbi ne, suna da taya mai igiya da suke jan irinku da ita. Kar ka taka murjani kar ka taɓa shi, ba dutse ba ne halitta ce mai rai, a shekara ɗan kaɗan yake girma, kuma yana yanka ciwon ya daɗe bai warke ba. Kar ka ɗauki katantanwa mai kyau da ka gani a ƙasa, akwai mai dafi. Za ka iya ganin macijin ruwa mai zanen baƙi da fari, dafi gare shi amma ba ya kula mutum in ba a taɓa shi ba, haka ƙananan kifin shak na bakin murjani.

Wanda zan ce ka yi tunani sau biyu shi ne na kifin manta, wani faffaɗan kifi da faɗinsa ke haura mita 3, ba ya cizo ba ya harbi, suna zuwa mashigin da ke tsakanin tsibiran Drawaqa da Naviti daga Mayu zuwa Oktoba. Abinci ne ruwa ke kawo musu ta wannan mashigin shi ya sa suke taruwa, ma'ana igiyar wurin na da ƙarfi kuma da zurfi, jirgi zai sauke ku a sama ruwa ya kwaso ku, jirgin ya tare ku a ƙasa. In ba ka sake da ruwa ba tukuna ka kalla daga cikin jirgi, ana hango su. Kogon Sawa-i-Lau ma haka, ɗakin farko kowa na shiga da rigar ceto, na biyun sai an nutsa ta ƙarƙashin dutse, wannan ka bar wa masu shi.

Jirgin ƙyallen kuwa ba ruwansa da iya ninƙaya, zama kawai za ka yi, in an kashe inji ba ka jin komai sai iska da ƙarar ruwa. Ka zaɓi mai gindi biyu ya fi mai ɗaya rashin tangaɗi, ku sha maganin jiri kamar awa ɗaya kafin tashi ba sai amai ya zo ba, ku zauna a waje kuna kallon nesa kar ku shige ciki kuna danna waya. Ka canza kuɗi zuwa dalar Fiji tun a Nadi don a Yasawa ba na'urar cire kuɗi, matan ƙauye kuma za su baza muku sarƙoƙi da tabarmi a hannu ake biya. Soket ɗinsu irin na Ostareliya ne, cajarka ba za ta shiga ba sai da adafta, a filin jirgin Singafo ma za ka samu.